Ɗorawa a Tsakiyar Shagon Ɗanmaliki

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar da ke bakin tashar Tambuwal ya san Ɗanmaliki, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin akawu, bai tara komai ba sai biro uku a aljihun gaba, da kuma tabbacin cewa duk wani mai kuɗi a garin sa'a ce kawai ta kai shi, ba wai ya fi shi kai ba. In ana hirar noma shi ne masanin taki. In an koma hirar shanu shi zai yanke hukunci, alhali ko kaza bai taɓa kiwatawa ba. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai bakinsa ya yi wa aljihunsa nisa ƙwarai.

Matarsa Mas'uda kuwa damina uku ta yi tana fama da yoyo. Kwanon rufin gidan ya yi tsatsa tun zamanin mahaifinsa. Da hadari ya taso sai ta naɗe katifa ta ɗora a kan akwati, ta jera robobi, ta zauna tana kallon ruwa yana sauka ta wuri bakwai. Kullum ta yi magana amsar ɗaya ce, ta bari kuɗin sallamarsa daga aiki su fito. To, ana gama girbi sai ga kuɗin sun fito.

"Alhamdu lillahi," in ji Mas'uda. "Gobe sai a kira kafinta shi auna rufi, tun kwano bai ƙara tsada ba."

Ɗanmaliki ya dube ta cikin tausayi. "Mas'uda, rufi ba shi haihuwa. Kuɗɗin ga in na liƙa su bisa ɗaki sun mutu ke nan. Harkar filaye da shagunan haya za ni shiga. Ƙasa ba ta ruɓewa, ba ta ciwo, ɓarawo ba shi ɗaukar ta. Kina kwance kuɗɗi na zuwa."

"Ni dai in ina kwance ruwa ka zuwa, Malam."

"Kafin ɗigon farko shi sauka, da kuɗɗin haya za ni yi miki rufi, har da silin. Ki rubuta ki aje."

"Ban iya rubutu awa kai ba," ta ce, "amma ban mantuwa."

Washegari tun kafin ya mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ya sa aka rubuta masa allo: ƊANMALIKI MAI GIDAJE DA FILAYE. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe aka ƙara sharaɗinsa: Kuɗin shekara gaba ɗaya, ba ragi, ba sai gobe. Ya ɗauko allon ya kawo majalisa, ya jingina shi inda kowa zai gani, ya bayyana cewa Kebbe zai nufa, domin filayen Tambuwal sun yi tsada, can kuwa a cewarsa mutane ba su farka sun san darajar ƙasa ba.

Malam Sidi mai hatsi, abokinsa tun suna makarantar allo, ya karanta allon har sau biyu. "To, Mai Gidaje, wane dillali ka samu can?"

"Dillali? In ba wani ƙato la'ada don ya nuna mani ƙasa da yatsa? Ni ma ina da yatsa."

"To ka dai biya ka gaida mai unguwa, ka tambayi maƙwabta. Baƙo ko da idonai makaho na."

"Sidi, ni da nic cinye shekara talatin da biyar cikin takardu? Abin da duk ba shi bisa takarda, babu shi."

Ya hau babur ya kama hanyar Kebbe. Hanyar ta girgiza shi har biro ɗaya ya faɗi bai sani ba. Da isarsa ya yi ta zagaye yana tambayar mai sayar da fili, har aka haɗa shi da wani manomi mai suna Gazali, wanda ke neman kuɗin sayen shanun huɗa. Filin yana bakin hanyar kasuwa, shimfiɗaɗɗe, sai dai siriri ne, kuma a tsakiyarsa cif akwai wata ƙatuwar ɗorawa wadda mutum biyu ba za su iya rungume ta ba. Da Gazali ya faɗi kuɗin, Ɗanmaliki ya yi tari don ya ɓoye murna. Ko rabin abin da ya zata bai kai ba. Bai tsaya tambayar kansa dalilin wannan araha ba, don ya riga ya yanke cewa wayonsa ne.

"Amma Malam," in ji Gazali, "akwai zancen iccen ga da ya kamata ka ji tukuna."

Ɗanmaliki ya yi murmushi. Ya san irin wannan, wato za a ce inuwa ma da kuɗinta. "Ciniki ya faɗa, kar ka jawo muna wani zance. Icce gatari ka maganinai."

"Ai ba nan take ba. Da mun tafi gun mai unguwa, shi da kainai..."

"Shi ma a yanka mashi nashi kason? Kawo yatsanka nan."

Da hannunsa ya rubuta takardar ciniki har kwafi uku, ya tare wasu masu wucewa biyu suka zama shaidu, Gazali ya dangwala yatsa. Da zai tafi, Gazali ya sake duban ɗorawar, ya dubi baƙon, ya ce, "Allah dai ya gani na so in faɗa maka." Ɗanmaliki bai ji ba, yana can yana tada babur. A majalisa da yammar nan ya ce ya sayi rabin Kebbe da kuɗin goro.

Bayan mako guda ya koma da wani magini mai suna Bilyaminu, suka ɗauki mai saran itace a cikin gari. Suna isa suka tarar da wata tsohuwa 'yar ƙarama a gindin ɗorawar, tana zaune a kujera 'yar tsuguno, da faifai a cinya tana tsince kalwa, wato ƙwayar ɗorawa da ake daddawa da ita.

"Tsohuwa, a matsa gefe, za a kada icce," in ji Ɗanmaliki.

Ba ta ɗaga kai ba. "Wa alaikumus salamu," ta ce. "Ko da ba ka yi ba na amsa maka, kar ka koma garinku ka ce Kebbe ba a amsa sallama."

Ya zaro takarda ya karkaɗa mata. "Filin ga nau na. Ga shaida."

"Allah shi sa albarka. Iccen ga ko nau na. Ga ni."

Mai saran itace ya leƙo ya ga ko wace ce, sai ya mayar da gatarinsa kafaɗa. "Da kac ce mani ɗorawar Inna Tambaya ta, da ban baro gida ba." Ya juya ya yi tafiyarsa, ko kuɗin ƙafa bai nema ba.

Wurin mai unguwar nan da Ɗanmaliki ya ƙi zuwa don tsimin goro, can dai aka ƙare, kuma da 'yan kallo. Mai unguwa ya saurare shi har ya gaji don kansa, sannan ya yi masa bayani a hankali. A ƙasar nan, in ji shi, ƙasa daban, itace mai 'ya'ya daban. Mahaifin Tambaya ne ya ba ta ɗorawar ranar da aka kai ta ɗaki, filin kuma ya bi gado har ya faɗo kan Gazali, ɗan ƙanenta. Saboda haka ƙasa ta Ɗanmaliki ce, babu mai ja. Itace na Tambaya ne, da hanyar da za ta bi ta iske abinta. Amya ukun da ke rataye a rassa, waɗanda ƙudan zuma ke ciki, na wani Ɗangiwa ne, da izininta ya ɗora su shekara ashirin da suka wuce.

"A wane shafi anka rubuta haka?" in ji Ɗanmaliki.

"Ba a rubuta ba," in ji mai unguwa. "Ba mu taɓa samun wanda bai sani ba sai yau."

Ɗanmaliki ya koma gindin ɗorawa, jama'a na biye da shi. Ya zaro damin kuɗi ya ɗaga sama yadda kowa zai gani. "Faɗi kuɗɗin iccenki, tsohuwa."

"Da kalwar iccen ga ni aurar da ɗiya huɗu," in ji Tambaya. "Kai mi biron ga yat taɓa aurar maka?"

Aka yi dariya. Ransa ya ɓaci, bakinsa ya riga hankalinsa. "To wai shekara nawa ta rage miki da za ki riƙe icce haka?"

"Mutum biyu sunka yi mani zancen ga gabanka," ta ce, tana ci gaba da tsintar kalwarta. "Duk na je gaisuwarsu."

Mai hankali a nan zai nemi Gazali a warware ciniki, ko ya sayo goro ya dawo da ladabi. Amma Ɗanmaliki ya riga ya gaya wa majalisa ya sayi rabin Kebbe, kuma a wurinsa gara a ce ya yi asara da a ce ya yi kuskure. Kafin ya iso Tambuwal ya gama juya maganar a kan babur.

"Wani sabon tsari nika so in kawo," ya ce wa majalisa. "Shago uku a jere, na tsakiya babba, da icce a cikinai. Sanyi kyauta, ba fanka, ba janareto. Ko a birni ba kowa ya san shi ba."

"In tsuntsu ya yi kashi fa?" in ji Sidi. "Shi ma cikin kuɗɗin haya shike, ko daban aka biya?"

Aka fara gini. Ranar farko da Bilyaminu ya haƙa harsashi ya ci karo da saiwa mai kaurin cinya. Ya ɗaga diga zai sara, sai murya ta fito daga kan kujera 'yar tsuguno: "Saiwa ma tau ta." Dole harsashi ya kauce. Gaba kaɗan wata saiwar, ya sake kaucewa. Kafin a kai linta bangon ya zama kamar tafiyar maciji, gurbin ƙofar shagon tsakiya kuma ya karkace, har ƙofar ƙarfen da aka sa ba ta rufuwa sai an banka ta da kafaɗa, ba ta buɗuwa sai an harbe ta a wani wuri da Bilyaminu kaɗai ya sani.

Da aka zo rufi, kafinta ya yanke falle biyu na kwano, kowanne rabin da'ira, don su zagaye gangar itacen. Tambaya ta tashi ta auna da hannunta, ta ce a ƙara faɗin taƙi guda ko'ina, itacenta bai gama girma ba. Aka ƙara. Mai unguwa kuma ya aiko cewa tunda itacen ya koma cikin ɗaki, a ba mai shi makulli ɗaya. Aka ba ta, ta ɗaure a bakin zane. Kuɗin sallama suka ƙare a daidai fenti, don haka gaban ginin kawai aka shafa, shuɗi mai ɗaukar ido.

A gida Mas'uda ba ta cika magana ba, sai dai ranar da zafi ya fara tsananta ta fito da robobinta ta wanke su tas, ta kife a tsakar gida inda dole sai ya tsallake su.

"Mi a wannan kuma?" ya ce.

"Shiri nika yi. Ka san abin da ka biyo bayan zafi."

"Mako biyu, Mas'uda. Masu haya har faɗa za su yi."

Mai haya na farko da ya zo dubawa wani tela ne, Sirajo. Ya yi rashin sa'a, ko kuma ya yi sa'a, ya zo a makon da ɗorawa ta nuna. Suna tsaye a shagon tsakiya Ɗanmaliki yana yabon sanyi, sai matan gidan Tambaya suka iso da dogayen gora masu ƙugiya suka fara fizgo 'ya'yan itacen. Ɗorawa ta dinga zubowa a kan kwano kamar ƙanƙara. Ɗanmaliki yana buɗe baki yana rufewa, Sirajo ba ya jin komai. Ana cikin haka Tambaya ta shigo da kwando, ta ce su ɗaga ƙafa, ta kwashe waɗanda suka faɗo ta ramin rufi, ta fita.

Da aka ɗan lafa Sirajo ya ce, "Ita ma cikin hayar take?"

"Wata guda na kawai a shekara."

"To ni a shekarar wata goma sha biyu nika ɗinki. Bari in yi shawara." Har yau yana shawarar.

Na biyu mai sayar da magani ne. Shi ko zama bai yi ba, ya ɗaga kai ya saurari wani gunji da ke fitowa daga rassa, ya ce yana zuwa. Ɗanmaliki ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa matsalar ɗaya ce, rashin talla. Ya buga katin gayyata, za a yi bikin buɗe shaguna ranar kasuwar Kebbe, da rumfa da kujeru da lemo da lasifika.

Ana saura kwana biyu Ɗangiwa mai zuma ya same shi. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, irin mutanen da suka daɗe suna aiki da abin da ba ya son hayaniya. Ya yi sallama, ya gaishe shi, sannan ya ce, "Malam, amyar ga duk sun cika, ga zafi, ƙudan a fusace suke. Ka ba ni kwana bakwai in ɗebe zuma, sannan ka yi bukinka."

"Kati ya fita. Kwanan wata na bisa takarda."

"To in ba a ɗagawa, abu biyu nika roƙo. Ban da ƙara kusa da icce, ban da turare."

"In yi taro ba lasifika, in tarbi baƙi ina warin zufa, don kar ran ƙuda shi ɓaci? Su biya haya in suna son a bi dokarsu."

Ɗangiwa ya dube shi, ya dubi sama, ya ce Allah shi kyauta, ya tafi.

Ranar biki Ɗanmaliki ya sha babbar riga mai sitaci, ya juye kwalbar turare guda a jikinsa. 'Yan majalisa suka zo daga Tambuwal a kan babura, Sidi a gaba. Mas'uda ta ce ba za ta samu zuwa ba, tana gadin robobinta. Mai lasifika ya so ya kafa ta a kan sanda can gefe, Ɗanmaliki ya ce a'a, a ɗaure ta a reshe don murya ta kai kasuwa, ya kuma nuna reshen da kansa, wanda ke ɗauke da amya mafi girma. Aka ajiye janareto a jikin bango. Baƙin Tambuwal suka cika kujerun gaba. Mutanen Kebbe kuwa suka tsaya cirko-cirko a ƙetaren hanya, Tambaya a cikinsu ta lulluɓe har ka. Mai unguwa kaɗai ya zauna a rumfa saboda nauyin sarauta, shi ma a kujerar ƙarshe, takalmansa a hannu.

"Ka gani?" Ɗanmaliki ya raɗa wa Sidi. "Kwarjini na. Ba su iya matsowa."

Aka tada janareto. Ya karɓi makirfo marar waya, ya gyara hula, ya ce, "Jama'a, yau Kebbe ta shiga zamani." Lasifika ta yi wata irin ƙara mai tsinka kunne, reshen ya girgiza, amya ta yi lilo sau biyu. Sai gunjin nan ya canja murya.

Abin da ya biyo baya, kowa da yadda yake ba da shi. An dai haɗu a kan cewa mai unguwa, mai shekara saba'in da wani abu, shi ya fara isa ƙetaren hanya. Kujeru suka kife, lemo ya malale, wani ɗan majalisa ya hau babur ɗin da ba nasa ba. Sidi ya kwanta rubda ciki ya ja riga ya rufe kai. Ƙudan kuwa ba su ɓata lokaci a kan kowa sosai ba, turare suke bi.

Ko a cikin gudu Ɗanmaliki bai bar cika baki ba. "Kar kowa shi firgita," ya faɗa a makirfo, "ginina ƙofar ƙarfe gare shi." Ya faɗa shagon tsakiya, ya banka ƙofa da kafaɗa, ta rufu gam. Ya jingina da bango yana haki, yana jin daɗin dabararsa. Sannan ya ɗaga kai ya ga ramin da ya biya kafinta ya yanka, faɗin taƙi guda ko'ina, ya yi baƙi ƙirin.

Makirfo na hannunsa, janareto bai mutu ba. Don haka duk kasuwar Kebbe, daga 'yan hatsi har 'yan awaki, suka saurari abin da ke gudana a shagon tsakiya. Aka ji salati. Aka ji faɗuwar hula. Aka ji ana dukan ƙofa ta ciki, ana kiran Bilyaminu, ana kiran Sidi, ana kiran Mas'uda da ke Tambuwal. Can sai murya ta karye, ta tuna wa ke da ɗaya makullin.

"Inna Tambaya! Salamu alaikum, Inna! Salamu alaikum!"

Tsohuwa ta yaye lulluɓi a ƙetaren hanya. "Wa alaikumus salamu," ta ce. "Wata uku nika jiran wagga sallama." Ta juya ga Ɗangiwa. "Tafi ka fiddo shi, ɗan mutane na."

Ɗangiwa ya kashe janareto, ya kunna damin ciyawa da busasshen kashin shanu, ya turara hayaƙi har ƙudan suka lafa. Makulli bai yi amfani ba, don ba kulle ƙofar take ba, cijewa ta yi. Sai da Bilyaminu ya zo ya harbe ta a wurin nan nasa. Ɗanmaliki ya fito da rarrafe, babbar riga a naɗe a ka. Da aka warware ta, wani ya kasa daurewa, sai kowa ya fashe. Idanu sun shige, leɓe ya yi kamar an ɗora masa ƙosai biyu. Biro ɗaya ya rage a aljihu.

Sidi ya matso yana sosa ƙeya inda shi ma ya samu rabonsa. "Mai Gidaje, an ce ba a shan zuma sai an sha harbi. Kai ka biya naka gaba ɗaya, ba ragi, ba sai gobe. Ina zumar?"

Ɗanmaliki ya so ya ba da amsa, leɓe ya ƙi.

Kwana bakwai ya yi a kwance yana shan kunu da cokali. 'Yan majalisa sun ce ba su taɓa sanin ana jin kukan tsuntsaye a bakin tasha ba sai a makon nan. Labari kuwa ya riga ya kai Dogon Daji da Sanyinna, babu mai hayar da zai kusanci shagon da ƙuda ke shiga ta sama. A rana ta biyar ya ji tsawa daga gabas, can nesa, ya ji Mas'uda a tsakar gida tana jera robobi. A nan kunya ta kama shi ta gaske, wadda ta fi harbin zafi. Kuɗin shekara talatin da biyar sun tafi, matar da ta yi haƙuri da shi za ta shiga damina ta huɗu a ƙarƙashin yoyo.

Washegari Mas'uda ta yafa mayafi, ta sayi goro da sabulu da gishiri, ta shiga motar Kebbe. Ta yi sallama a ƙofar Tambaya, ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe ta, ta tambayi jikoki da ƙafa da zafi, sai da aka sha ruwa aka huta sannan ta kawo abin da ya kawo ta.

"Da haka mijinki yaz zo," in ji Tambaya, "da na nuna mashi inda saiwa ba ta bi ba, shi yi shagonai biyu lafiya lau. Amma ke kin zo. Zauna mu yi magana."

Kafin la'asar mata biyu sun gama abin da takarda kwafi uku ta kasa. Tambaya za ta karɓi shagon dama tana dafa kalwa tana ajiye daddawa, ta riƙa biya da kwandon daddawa duk ranar kasuwa. Ɗangiwa zai karɓi na hagu ya ajiye kayan zumarsa, ya riƙa ba da kwalba. Na tsakiya kuwa a kware rufinsa, itace ya sha iska, a riƙa shanya a ciki. Kwanon da aka kware Mas'uda ta sa aka ɗora a mota aka kai Tambuwal.

Kafinta ya rufe ɗakinta tsaf da lafiyayyun fallaye. Ɗanmaliki, wanda bakinsa ya fara dawowa, ya ce ai kwanonsa ne, ba za a bar turakarsa da tsohon rufi ba. Kafinta ya ce abin da ya rage ba zai isa ba sai an haɗa da yankakkun nan biyu. Ya ce a haɗa, shi ya san yadda zai yi. Aka haɗa, ya sa aka kife tsohon faranti a kan ramin aka danne da dutse.

Karɓar haya kuwa bai yarda ya bar wa kowa ba. Duk ranar kasuwar Kebbe zai hau babur ya ɗauko kwandon daddawa, Mas'uda ta sayar a cikin gida, kuma ciniki ya karɓe ta fiye da yadda kowa ya zata. Tun yana kwanar shiga gari iska ke kai wa majalisa labari, sai Sidi ya toshe hanci ya ce, "Ku gyara, kuɗɗin haya sun iso." Ɗanmaliki ya sauka ya bayyana musu cewa tun farko masana'antar daddawa ya nufa, bai dai faɗa ba ne saboda mahassada.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Laraba bayan azahar. Iskar da ta zo gabansa ta yi gaba da farantin, dutsen ya faɗo ciki ya fasa buta. Ruwa ya dinga zuba ta zagayayyen ramin, a tsakiyar katifarsa daidai. Ya ja katifa gefe, ruwan ya bi shi. Ya nemi roba ya rasa, duk suna wurin mai su. Da abin ya fi ƙarfinsa ya rungumi filo da takardunsa kwafi uku, ya ratsa tsakar gida a guje, ya tsaya a ƙofar Mas'uda yana ɗiga. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya tuna, ya mayar da ita.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salamu," in ji Mas'uda. Tana zaune a kan busasshiyar katifa tana ƙulla daddawa, ruwa na kiɗa a sabon kwano, ko ɗigo babu. "Lafiya, Malam?"

"Wuri nika so in ɗan fake."

"Akwai wuri. Sai dai ɗakin ga na haya na." Ta nuna bayan ƙofa da haɓa. Allonsa ne a jingine, ta ɗauko shi tare da kwanon daga Kebbe, inda ya kafa shi a gaban shagunan. "Ni ban iya karatu ba. Karanta muna ƙananan baƙaƙen nan na ƙasa."

Ɗanmaliki ya dubi allon, ya dubi ruwan da ke bin wuyansa yana shiga riga. Ya gyara murya.

"Ai shi sharaɗi, Mas'uda, mutum ka yin shi. In an zauna ana iya ragi."

Ta yi dariya har ta saki ƙullin da ke hannunta, ta matsa masa gefen tabarma, ta tura masa faifan daddawa ta ce ya fara biya da ƙulli.